WAHALAR DA AKA ZAƁA DA WADDA TA ZO DA KANTA

Ya ke 'yar'uwa mai karatu, akwai wata tambaya da nake son mu tauna tare. Shin wahalar da mutum ya ɗora wa kansa da gangan, ita ma sunanta haƙuri? Ko kuwa sai wadda ta faɗo masa ba shiri ce ta cancanci wannan suna?

Labarin wata Baturiya zan ɗauko, sunanta Dervla Murphy, mutuniyar ƙasar Ayalan. An haife ta a 1931, ta rasu a 2022 tana da shekara 90. A watan Janairu na 1963 ta hau kekenta a garin Dunkirk na Faransa, ita kaɗai, ta nufi Indiya. Ta ratsa Yugoslabiya da Turkiyya da Iran da Afganistan da Pakistan, ba ta shiga Delhi ba sai a watan Yuli. Da sanyin ƙanƙara ta fara, da zafin rana mai soya ƙwaƙwalwa ta ƙarasa. Wani wurin ta hau mota, wani wurin tura keken ta yi da hannu. A Afganistan gindin bindigar wani ya karya mata haƙarƙari a cikin motar haya. A arewacin Pakistan ta bi kwarin kogin Indus, inda duwatsu ke tsaye tsirara babu inuwar da za a raɓa, sannan ta haura mashigar Babusar mai tsayin fiye da mita 4,000. Duk ta rubuta a littafinta Full Tilt na 1965.

Na san abin da wata za ta ce: wannan ai neman suna ne, wa ya aike ta? To, da gaskiyarta, babu wanda ya aike ta. Amma ki ɗan auna mai keke a gindin tudu da tsakar rana. Ruwan gorarta ya yi ɗumi, cinyoyinta na rawa, taya ta yi faci sai ta zauna a rana ta liƙe da kanta. Ta hau tudun nan tana zaton shi ne na ƙarshe, sai ta hango wani a bayansa. Kuma gobe haka, jibi haka. Babu mai ganinta balle ya yaba, in ta juya gida babu mai ce mata don me. Duk taka feda ɗaya sai ta sake yanke shawarar ci gaba. Ni dai a ganina wannan ba wasa ba ne, domin wanda ƙofa take buɗe a gabansa ya ƙi fita, ya san wani abu game da kansa da na kulle bai samu damar sani ba.

Sai dai fa ba a nan labarin ya fi kama ni ba. Ranar da ta cika shekara 10 aka ba ta keke da littafin taswirar duniya, tun a lokacin ta ƙudura wata rana sai ta je Indiya a kan keke. Tana da shekara 14 aka cire ta daga makaranta, saboda ciwon gaɓoɓi ya nakasa mahaifiyarta, kuma ita kaɗai ce 'ya. Shekara 16 tana jinya. Ɗagawa, kwantarwa, wanki, tashin dare. Mahaifinta ya rasu a 1961, mahaifiyar ta bi shi a 1962, sannan ta sami tafiya tana da shekara 31.

To ki duba min. Wata shida a kan hanya, duniya ta tafa mata, aka buga littafi, aka fassara. Shekara 16 a ɗakin mara lafiya, wa ya tafa? Mu mata mun san wannan ɗakin. Akwai mai jinyar uwar miji, akwai mai riƙon yaron da ba ya tashi, akwai wadda aka katse wa karatu don ƙannenta. Tudun da suke hawa ba shi da gangare a gani, kuma ba su san ranar isa ba. In ana maganar nauyi, wallahi na ɗakin ya fi, nesa ba kusa ba.

Amma ba zan yi miki daɗin baki in ce wahalar dole tana gyara mutum a kowane hali ba. Ita kanta Dervla, a littafin tarihin rayuwarta na 1979, ba ta ɓoye ba cewa shekarun ƙarshe na jinyar sun cika da ƙunci da ɗacin rai tsakaninta da uwar da take ƙauna. Haka abin yake. Tun ranar da aka kai mu ɗaki ake ce mana "yi haƙuri", kamar haƙuri rijiya ce da ba ta ƙafewa. Alhali kuwa sau da yawa abin da ake kira haƙuri shiru ne kawai, ciki kuwa na ruɓewa, har wata rana a huce a kan yara ko 'yar aiki.

Abin da na lura da shi, ko a cikin shekarun jinyar takan sami 'yan makonni ta ɗauki keke ta tafi, har Sifen ta je, ta dawo ta ci gaba da aikinta. Wato wahalar da ta zaɓa ce ke ba ta numfashin ɗaukar wadda ba ta zaɓa ba. Ba cewa nake ki sayi keke ki nufi Indiya ba, kar a je a ce ni na zuga ki! Amma macen da ba ta da wani abu ko ɗaya mai wuya da ta ce "wannan ni na so, ni na ɗauka", ko karatun yaƙi da jahilci ne, ko koyon ɗinki, ko rubutu cikin dare bayan yara sun yi barci, ina jin tsoron ranar da rijiyarta za ta ƙafe.

Da ta isa Indiya kuwa, kin san abin da ta yi? Ta jingine keken, ta tafi Dharamsala, ta yi watanni tana kula da 'ya'yan 'yan gudun hijirar Tibet, tana wanke su tana ba su magani. Aikin da ta yi shekara 16 tana yi a gida ke nan, sai dai wannan karon da ƙafarta ta kai kanta.