Hakkin Jiki a Kan Mai Ciwon Kumburin Hanji

Malaman Musulunci suna ɗaukar jiki a matsayin amana, wato ajiyar da za a tambayi bawa yadda ya kula da ita, kuma nauyin wannan amana yakan ƙaru idan ciwon kumburin hanji ya kama mutum. Wannan cuta, wadda likita Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana ɗaya daga cikin nau'o'inta a 1932, tana tasowa ne idan garkuwar jiki ta juya kan hanji, sai ta haifar da gudawa, murɗar ciki, ƙarancin jini da kasala.

Motsa jiki na cikin kula da wannan amana, amma a garin Gure na ƙasar Muniyo, gabas da Damagaram, abin da ke hana irin wannan majinyaci motsa jiki ya haɗa da zafin bazara mai ƙara ƙarar da ruwan jiki, da fargabar matsuwa nesa da makewayi, da kunyar da ke sa shi ɓoye lalurarsa. Shari'a kuwa ta riga ta buɗe ƙofar sauƙi, domin Imrana ɗan Husaini, sahabin da basir ya dama, an ba shi damar yin salla a zaune, sannan Malikawa ba sa ɗaukar hadasin da ke fita ba da nufi ba a mafi yawan lokaci a matsayin mai karya alwala.

Saboda haka tafiyar ƙasa da sanyin asuba, kusa da gida, lokacin da ciwon ya lafa kuma likita ya amince, cika amana ce gwargwadon iko, kamar yadda hutawa ranar da ciwon ya motsa ita ma cika amanar ce.