Aikin da Babu Mai Tafa Wa

Tambayar da ke damun yawancin masu sana'armu ta rubuta manhajar kwamfuta ita ce: mene ne amfanin yinin da mutum ya ƙarar yana gyara abin da wani ya rubuta, babu sabon abu, babu mai yabo? Ni daga Kwanar Dangora nake aiki ta intanet, kuma mafi yawan aikina gwaji ne da farautar kuskure a tsohuwar manhajar biyan kuɗi. Gundura kan zo, musamman tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafi ya sauko, ido ya yi nauyi.

A fahimtata, maimaitawa ba ta da laifi. Sau biyar muke salla kullum, raka'o'in ba su canzawa, amma wanda zuciyarsa ta halarta ba ya ƙosawa. Gafala ce tushen gundura, wato mutum ya manta don wa yake aikin. Ni kuwa mutanen suna gabana. Manomin da ya sayar da shinkafarsa a Tudun Wada, da direban da ya ɗauko masara daga Doguwa, ina ganinsu tsaye a rumfar mai POS a bakin kwanar nan. Idan an cire kuɗi bai fito ba, a nan za su yini cikin zullumi. Layin manhajar da na gyara da safe yana iya zama dalilin da wani zai koma gida da cefane.

Dubi madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Kowa ya san wanda ya gina ta. Amma ruwan da ke isa gonakin Kadawa da Kura ya dogara ne ga masu yashe magudanai da cire kachalla, waɗanda ba a ambatonsu. A duniyar kwamfuta ma an ɗanɗana kuɗar raina irin wannan aiki. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a manhajar OpenSSL: an manta a duba tsawon saƙo kafin a amsa shi, kuskuren ya kwana wajen shekara biyu, sirrin ɗimbin shafuka ya shiga haɗari. A lokacin, masu kula da manhajar 'yan ƙalilan ne.

Addini ya sa wa wannan hali suna: amana da ihsani. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, hadisin da ke fifita aikin da aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Gwajin da babu shugaban da zai duba, Allah yana ganinsa, niyya kuma tana mayar da neman halal ibada.

Sai dai haƙuri ba ya nufin wahalar da kai a banza. Abin da kwamfuta za ta iya maimaitawa, rubuta mata umarni ta yi, ka yi amfani da lokacin wajen ƙaro ilimi. Wanda ya rage, wanda sai da idon mutum, riƙe shi da gaskiya. Ɗan'uwa, kafin ka buɗe kwamfuta gobe, tuna mutumin da zai amfana, ka gyara niyya, ka yi Bismillah.