Baki Dubu, Ido Ɗaya

Ranar 15 ga Yuli 2025, da aka binne Muhammadu Buhari a gidansa, Daura ta cika da 'yan jarida. Bayan kwanaki kaɗan suka naɗe kayansu, muka koma sanin garinmu ta waya. A gwada buɗe shafuka goma kan labari guda na masarautar nan: jimlolin iri ɗaya ne, wani lokaci har kuskuren rubutun. Shin mutum goma ne suka ba mu labari, ko mutum ɗaya ne ya yi magana sau goma?

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san kwafi goma na gurɓataccen fayil ba ya gyara komai. Malaman hadisi sun riga mu gano haka: labari ba ya zama mutawatiri don yawan masu maimaita shi, sai hanyoyin da ya biyo sun yawaita tun daga tushe.

An daɗe ana zargin kamfanonin dillancin labarai da mayar da jaridu 'yan tagwaye, kuma zargin na da ƙamshin gaskiya, balle NAN, da aka kafa a 1976 ya fara aiki a 1978, mallakar gwamnati ne. Amma dillali mutum ne da aka san rumfarsa. In ya cuce ka a kasuwar Mai'adua, ka san inda za ka same shi mako mai zuwa. Ƙaramar jarida kan sayi labaran yau da kullum a hannunsa da araha, ta kashe ɗan abin da ya rage kan nata binciken. Idan dillalin ya raunana, ko ya rufe kamar yadda NZPA na New Zealand ya yi a 2011, gurbinsa sanarwar mai magana da yawun hukuma ce ke cike shi, kyauta, a shirye don kwafa.

Laifin ya shafe mu. Mu muke gina shafukan, mu muke latsa maɓallin turawa, kuma ba ma son biyan ko sisi. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sanarwar Abuja ta iso kowace waya cikin mintoci. Halin da mai awon gero da ɗan acaɓan Kongolam suka shiga kuwa, sai wanda ya hau mota ya je ya tambaya, kuma dole wani ya biya masa kuɗin motar.