Ajiye Aiki Don Ganin Duniya: Gantali Ne Ko Neman Sani?

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a ƙasashen Turai da Amurka, wadda duk lokacin da labarinta ya iso kunnenmu sai mun riƙe baki. Miji da mata, dukansu masu aikin albashi, sai su shafe shekaru suna tsimi da tanadi, ran nan su rubuta takardar ajiye aiki na shekara guda ko biyu, su ba da hayar gidansu, su sayi mota mai gado da murhu a ciki, su fuskanci arewa. Wasu daga cikinsu Kanada suke zaɓa. Babbar hanyar da ta ratsa wannan ƙasa daga gaɓar tekun gabas zuwa ta yamma ta kai kimanin kilomita 7,800, amma duk da haka ba ta isar masu ƙarfin hali. Sai sun karkata zuwa yankin Yukon, sun hau hanyar Dempster da aka buɗe a 1979, hanyar tsakuwa mai tsawon wajen kilomita 740, har zuwa garin Inuvik. A kan wannan hanya matafiyi kan ci kusan kilomita 370 kafin ya tarar da gidan mai na farko. A Inuvik kuwa rana kan ɓuya har kwana 30 da hunturu, sannan da bazararsu ta yi fiye da kwana 50 ba ta faɗi ba. A wani ƙauyen Yukon ɗin mai suna Snag ne aka taɓa auna sanyin da ya kai digiri 63 ƙasa da sifiri, a watan Fabrairu na 1947. Irin wannan wuri ne mutum da matarsa za su bar albashi su nufa, ba don fatauci ba, ba don karatu ba, ba kuma wani ɗan'uwa ke gare su a can da za su gaisar ba.

To, mu ƙaddara a nan Jalingo aka wayi gari wani malamin makaranta da maiɗakinsa, ma'aikaciyar jinya, suka tara dangi suka ce ga abin da suka ƙudura. Ko shakka babu, kafin la'asar wata gwaggo za ta ce kurciya aka yi musu, wato sihirin nan da ake cewa yana raba mutum da garinsu ya shiga duniya ba waiwaye. Tambayar da wannan maƙala ke son dubawa ita ce, shin gwaggon ta yi gaskiya? Shin mutum na da ikon ɗebe shekara guda daga cikin shekarun ƙarfinsa ya kashe ta a kan hanya don kallo kawai?

Bahaushe ba baƙon tafiya ba ne. Hasali ma da wuya a sami al'umma a Afirka ta Yamma da ta fi shi taka ƙasa. Sai dai kowace tafiya tasa tana da suna, kuma sunan yana ɗauke da dalilinta. Wanda ya bi ayari zuwa Gwanja neman goro fatauci ya tafi. Wanda ya bar ƙauye bayan girbi ci-rani ya tafi. Akwai almajirci, akwai ziyara, akwai aikin Hajji. Ko Abubakar Imam da ya je Ingila a 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, gayyatarsa aka yi, kuma da ya dawo sai da ya biya bashin tafiyar da littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Tafiyar da ba ta shiga ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba, sunayen da suka rage mata duk na zagi ne: gantali, yawon banza, yawon duniya. Ita kalmar “yawon buɗe ido” sabuwa ce a bakinmu, kuma har yanzu ba ta gama zama ba, don mai faɗarta yakan ɗan yi murmushi kamar mai neman uzuri.

Amma fa idan batun miji da mata su bar sana'a su kama hanya na tsawon shekaru ne, kakanninmu sun riga Turawan nan. Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, mutanen ƙasar Hausa da Barno da Adamawa ta ƙasa suke zuwa Makka. Sukan bi ta Barno su shiga Chadi, su wuce Abeche, su ratsa Darfur ta El Fasher, su bi El Obeid zuwa Kogin Nilu, daga nan sai gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa da matansu suke tafiya. Inda guzuri ya ƙare sai a yada zango, miji ya yi ƙodago a gona ko ɗinki ko wanzanci, matar ta yi ƙosai ko kitso, har a tara na gaba. Bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925, gonakin audugar Jazira suka zama babban zangon irin waɗannan matafiya. Tafiyar kan ɗauki shekaru, a haifi 'ya'ya a hanya, a yaye su a hanya. Wasu ba su taɓa dawowa ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu a Sudan, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ne kan yadda hanyar gabas ta riƙe mutanenmu. Malaman mazhabar Malikiyya kuwa ba su sharɗanta wa mai niyyar Hajji dukiya da abin hawa ba, muddin zai iya tafiya da ƙafa kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya. Babu wanda ya kira waɗannan bayin Allah 'yan gantali. Da suka dawo, tarbar girma aka yi musu.

Wani zai ce to ai magana ta ƙare, tun da kakanni sun yi. Ba mu yarda ta ƙare ba. Waɗancan farilla suka tafi saukewa, kuma sassaucin da malamai suka yi musu saboda farillar ne. Mai zuwa kallon ƙanƙara ba shi da wannan hujja. Abu na biyu, wanda ya fi nauyi a wurinmu, shi ne su sana'arsu a hannunsu take. Wanzami ya rataya zabirarsa, duk inda ya sauka ya sami kai ya aske. Ma'aikacin albashi kuwa aikinsa kujera ce a ofis, ba ta ɗaukuwa, kuma a ƙasarmu wanda ya tashi daga kujera da wuya ya dawo ya tarar ba a zauna ba.

A nan ne maganar ta daina zama ta sha'awa ta koma ta haƙƙi. Baturen da ya ajiye aiki sau da yawa bakinsa da na matarsa kawai yake ciyarwa, kuma idan ya dawo akwai tsarin da zai tallafe shi kafin ya sami wani aikin. Albashin ma'aikaci a Jalingo kuwa, tun kafin ya shigo an riga an raba shi. Akwai buhun masara na tsohuwa a ƙauye, akwai kuɗin makarantar ƙani, akwai maganin hawan jinin kawu, akwai marayun yayansa da ya rasu. Waɗannan mutane ba a tambaye su ba, amma su ma za su yi shekarar ba albashi. Saboda haka idan aka ce mutum shekararsa ce ya kashe yadda ya so, sai mu ce a tsaya tukuna. Wanda ya yi karatu da kuɗin ɗan marakin da uwarsa ta sayar, lokacinsa ba nasa ne shi kaɗai ba. Bugu da ƙari, ma'aikaciyar jinyar nan da ta bar ɗakin haihuwa, a jihar da ma'aikatan lafiya ba su wadata ba, akwai matan da rashinta zai shafa, waɗanda ko sunanta ba su sani ba.

Duk da wannan nauyi, ba mu ga dalilin yanke hukuncin cewa tafiyar wauta ce a kan kanta ba. Manomi ya san gona na gajiya, shi ya sa yake barinta ta zama saura ta huta, kuma babu mai ce masa malalaci. Mu da ke jami'a ma bai kamata mu yi saurin ɗaga hanci ba, domin tsarin aikinmu ya ba malami damar hutun shekara guda bayan ya yi shekara shida yana koyarwa, kuma asalin wannan tsari daga dokar Attaura ne ta barin ƙasa ta huta a kowace shekara ta bakwai. Gaskiya ne an ce a yi bincike da hutun, amma mun san da yawa wata jami'ar ake komawa a ci gaba da koyarwa don a haɗa albashi biyu. Ba mu zargi kowa ba, halin rayuwa ne. Sai dai hakan ya nuna ko an ba mu hutun ba mu san yadda za mu riƙe shi ba.

Me ma'auratan ke samowa a can? Mu a ganinmu babban abin da suke samowa shi ne junansu. Aurenmu aure ne na cikin taro. Maigida ya fita da safe, ya dawo ya wuce majalisa, uwargida tana tare da yara da baƙi da maƙwabta. Kunya ma ta hana wasu maganganun. Ana iya shekara ashirin tare ba a taɓa yin yini guda cur daga shi sai ita ba. Sanyin arewa kuwa ba ya barin kowa ya fita majalisa. Ahmad ibn Fadlan, wanda Halifa Muƙtadir ya aika daga Bagadaza zuwa ƙasar Bulgar a shekarar 921, ya ba da labarin yadda gemunsa ya daskare tsakanin gidan wanka da masauki. A irin wannan yanayi mutum biyu a cikin mota ɗaya dole ɗaya ya narka ƙanƙara ɗaya ya kula da wuta, ɗaya ya tuƙa ɗaya ya hana shi gyangyaɗi, kuma idan aka yi faɗa babu gidan da za a yi yaji a tafi. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Wasu za su dawo sun san cewa abokin zamansu abin dogaro ne. Wasu kuma za su dawo sun gane cewa hayaniyar gida ce ta riƙe auren tun farko, kuma ba kowa ke son sanin wannan ba.

Akwai wani haƙƙin da ake yawan mantawa da shi, wato na ita matar. Sau da yawa mafarkin na mutum ɗaya ne, ɗayan biyayya ce ta sa shi a mota. Tafiya da iyali abu ne mai asali, don ya tabbata Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, ya tafi da wadda ta faɗo a kanta. Amma macen da ta sha wahala kafin a bar ta ta yi karatu, ta kuma sha wata wahalar kafin ta sami aiki, asararta idan ta ajiye shi ta fi ta mijinta, don ƙofar da ta shiga ta fi ƙunci. “To” ɗin da ta faɗa don gudun ɓacin ran maigida ba yarda ba ce. Idan ba ita ma zuciyarta ke son ganin inda rana ba ta faɗuwa ba, to an ɗauke ta ne kamar yadda aka ɗauki murhu da bargo.

Matsayinmu ke nan: wanda ya tanadar wa waɗanda ke ci daga hannunsa abin shekara, ya nemi izinin barin aiki ta hanyar da doka ta tsara, ya sami sahihiyar yardar abokiyar zamansa, to ya tafi, kuma gwaggo ba ta da ta cewa. Mun san waɗanda za su iya cika waɗannan sharuɗɗa a cikinmu ba su da yawa, balle a zo ga kuɗin jirgi da wahalar biza.

Abin mamaki shi ne, mu mutanen Taraba muna da ƙasar sanyinmu a cikin gida, sai dai tamu a kudu take. Wanda ya tashi daga Jalingo ya bi ta Garba Chede da Bali zuwa Serti, ya fara hawan dutse daga Mayo Selbe, zai tsinci kansa a tsaunin Mambilla, inda tudu ya kai wajen mita 1,600, inda hazo kan rufe hanya da safe, ana noman ganyen shayi a Kakara, mutanen Nguroje da Gembu kuma suna kwana da bargo lokacin da zafin Maris ke hana mu barci a nan. A wannan yanki ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Babu ƙanƙara, babu dare mai kwana 30, amma hutun shekara na ma'aikaci ya isa a je a dawo ba tare da an taɓa buhun masarar tsohuwa ba. Duk da haka akwai ma'aikatan da suka yi shekara 35 a Jalingo har suka yi ritaya ba su taɓa hawa can ba, sai fa idan aiki ne ya tura su, kuma ko a lokacin ma su kaɗai suka tafi, aka bar uwargida tana tsaron gida.