Littafin Bashin Mai Shago

Kusan kowane mai shago a unguwa yana da wani tsohon littafi irin na 'yan makaranta da yake ajiyewa ƙarƙashin kanta, gefensa ya yi baƙi da manja da zufan hannu. Rabin unguwa na ciki. Wane mudu biyu na shinkafa, wance sabulu da magi, wani kuma buhu guda ya ɗauka ranar sunan ɗansa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma zauna a bencin ƙofar shagon da yamma ka lura da ƙafafun mutane. Mai bashin buhu sau da yawa yakan zo ya yi sallama ya ce, "Malam, ban manta ba, ga wannan a rage." Mai bashin sukari kuwa, in kunya ta kama shi, sai ya sauya hanya, ya bi ta lungu, ya aiki yaro shagon gaba. Kafin wata uku ko gaisuwa ta mutu tsakaninsu, a kan kuɗin da bai kai na mota ba.

Mu Kirista mun daɗe muna gardama a kan littafi irin wannan. Shin zunubi duka ɗaya ne a gaban Allah, ko wani ya fi wani nauyi? In an yi shi, wa za a faɗa wa, Allah kai tsaye ko sai an durƙusa gaban Fada? Duk inda ɗan Katolika da ɗan ECWA ko COCIN suka zauna hira mai tsawo, da wuya zancen bai taso ba, kuma kowa da ayarsa. Wannan zai buɗe Yakubu 2:10, inda aka nuna cewa wanda ya karya doka ɗaya ya ɗauki laifin karya dukan shari'a. Wancan zai buɗe 1 Yahaya 5:16-17, inda aka raba zunubin da ke kai ga mutuwa da wanda ba ya kaiwa, ya ƙara da cewa Yesu da bakinsa ya gaya wa Bilatus laifin wanda ya bashe shi ya fi girma. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san batun manyan zunubai da ƙanana, don haka tambayar ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe.

Gardamar ba a kan kujerar malamai ta fara zafi ba. A shekara ta 250, Sarkin Rum Desiyus ya ba da umarni kowa ya yi hadaya ga gumaka, ya karɓi takardar shaida. Wasu Kirista suka ƙi, aka ɗaure su, wasu aka kashe. Wasu suka yi hadayar. Wasu kuma suka bi ta bayan fage, suka ba ma'aikata kuɗi aka rubuta musu takarda ba tare da sun ƙona turare ba. Da tsanani ya lafa, sai duk suka dawo ƙofar ikkilisiya, inda 'yan'uwan waɗanda aka kashe ke zaune. Ka yi tunanin wannan ɗaki. A Rum, wani malami mai suna Nobatiyan ya ce babu mai komowa. Sifiriyan, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya tara 'yan'uwansa bishop-bishop a 251 suka ce a duba kowa da halinsa: wanda ya sayi takarda a karɓe shi da wuri, wanda ya yi hadaya ya daɗe cikin tuba, amma kada a bar shi ya mutu a waje. Sifiriyan ba mai sassauci ba ne, shi kansa an sare masa kai saboda bangaskiya a 258. Ya dai gane cewa laifin ya bambanta, kuma ƙofa a rufe ba ta gyara kowa.

Daga baya abin ya zama doka. Taron Lateran na 1215 ya wajabta furta zunubi gaban firist aƙalla sau ɗaya a shekara, taron Tirent a 1551 ya ce manyan zunubai sai an ambace su ɗaya bayan ɗaya. Har yau koyarwar Katolika ita ce zunubi na zama mai kisa in abin babba ne, mutum ya san haka, kuma da gangan ya yi. Martin Luta ya ƙi yarda a tilasta wa mutum lissafa komai, amma bai jefar da furtawa gaban fasto ba, yana cikin ƙaramar katekisim ɗinsa ta 1529. Katekisim ta Westminista ta 1647, wadda Furotesta ne suka rubuta, ta ce kowane zunubi ya cancanci fushin Allah, ta kuma ce wasu sun fi wasu muni. Ashe maganar "duka ɗaya ne" da ake yi yau ba dukan kakannin Furotesta ne suka yi ta ba.

Ni dai inda hankalina ya kwanta shi ne Luka 7. Yesu na cin abinci a gidan wani Bafarisiye mai suna Siman, wata mace da gari ya san halinta ta shigo tana kuka a ƙafafunsa. Sai ya ba da misalin mutum biyu, ana bin ɗaya dinari 500, ɗaya 50. Bai daidaita bashin ba. Abin da ya haɗa su shi ne babu mai abin biya, kuma an yafe wa duka. Matar ta san nata, ta zo. Siman mai ɗan ƙaramin lissafi ko ruwan wanke ƙafa bai ba baƙonsa ba. Shi ne mai bashin sukarin nan.

Shi ya sa nake ganin akwai abin da Katolika suka riƙe wanda bai kamata sauranmu mu raina ba, wato mutum ya buɗe baki ya kira abin da sunansa a kunnen wani, wanda kuma aka haramta masa fitar da maganar ko da za a kashe shi. Addu'ar "ka gafarta mana waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba" tana da sauƙi a baki. "Na ci gonar marayun yayana" ita ce ke maƙalewa a maƙogwaro. Gaskiya ne Allah ba ya bukatar tafinta, kuma furtawa gaban Fada na iya zama al'ada kawai. Amma Yakubun da muke kafa hujja da shi, shi ne a sura ta 5 ya ce mu furta wa juna.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mu da muke cewa zunubi duka ɗaya ne, a aikace muna da namu ma'auni, kuma ido ne ke riƙe da shi. Yarinya ta yi ciki, an karanta sunanta ranar Lahadi, an sa ta ƙarƙashin horo, an mai da ita bencin baya, an hana ta Jibin Ubangiji. Wanda ya yi mata cikin sau da yawa ba a ji sunansa ba. Wanda ya danne haƙƙin leburorinsa yana kujerar gaba, har a kira shi ya buɗe taron neman gudummawa. Ciki ba ya ɓuya, zalunci na ɓuya, mu kuwa muka auna nauyi da abin da ya fito fili. Horo yana da tushe a Littafi Mai Tsarki, ban ce a soke shi ba. Sai dai dattawan ikkilisiya su zauna da kowa su ji yadda abin ya faru, su nemo namijin, su je gidan yarinyar a watannin da take baya kada ta daina zuwa gaba ɗaya. Ranar da aka ɗage mata horon kuma, fasto ya sanar daga bagade da muryar da ya sanar da faɗuwarta, zumuntar mata ta tashi ta tarbe ta.