Zuƙe Kitse: Magani ko Canja Halitta?

Tun da likitan fata Jeffrey Klein na Kalifoniya ya bayyana hanyarsa ta zuƙe kitse a 1987, wadda ake ɗura wa wurin ruwan gishiri gauraye da maganin kashe zafi da adiranalin, har nama ya kumbura ya yi tauri, jijiyoyin jini su tsuke, sa'an nan a zura siririn bututu a zuƙe kitsen, mutum yana farke, sai mas'alar halaccin aikin ta ƙara wuya ga malamai, domin da hatsari ya ragu, hujjar hani saboda cutarwa ta raunana, aka koma ga batun canja halittar Allah.

Fuƙaha'u sukan kafa hujja da Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya; kawar da aibi ke nan. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta aikin in ƙibar ta zama cuta, kuma babu wata hanya. Amma fa likitocin da kansu suna cewa gyaran sura ne, ba maganin ƙiba ba, kuma da yawa daga masu nemansa lafiyarsu ƙalau, tumbi ne kurum ya dame su.