GYARA KO MUSAYA: WA ZAI ƊAUKI AIBIN?

Jama'a, tambayar da nake so mu tattauna a kai ta yi kama da maganar gareji, amma in an bi ta a hankali za a tarar ta shafi halin ɗan Adam ne. Mu ɗauka ga wani direba da ke jigila tsakanin Ɗanbatta da Kano, wani lokaci ya zarce Kazaure har Daura. Motarsa ta fara shan baƙin mai tana fitar da hayaƙi, makanike ya saurari ƙarar inji ya ce saura ƙiris ya buga. To, ya sauke injin a gyara ne, ko kuwa ya kai ta wurin dillali ya yi ciko a musanya masa wata?

Da farko akwai lissafi. Kuɗin da ya riga ya kashe mata bara da bara waccan sun tafi, ko ya gyara ko ya sayar ba za su dawo ba, saboda haka bai kamata su shiga ma'auni ba. Abin dubawa shi ne nawa za a kashe a Ƙofar Ruwa wajen sayen ringi da fistin ko injin Beljiyam sukutum, shin jikin motar da ƙafafunta za su ƙara shekaru, kuma kwana nawa iyali za su yi ba shigar kuɗi. Wannan lissafi ya ƙara nauyi tun shekarar 2023, lokacin da aka cire tallafin fetur kuma darajar naira ta faɗi, kayan gyara da motocin da ake shigowa da su suka yi tsada. Motocin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, sun daɗe a kan hanya ne domin kusan kowane makanike ya san cikinsu, kayansu kuma suna samuwa.

Amma fa lissafi bai gama maganar ba. Idan aka gyara mota, aibin ya mutu. Idan aka musanya ta, aibin yana nan da ransa, gida kawai ya sauya. A nan ne nake so mai karatu ya lura da wani abu. In direban ya gaya wa mai saye gaskiya, mai saye zai rage kuɗin motar da kimanin abin da gyaran zai ci. Ashe ke nan gyara da musaya ta gaskiya kusan farashinsu ɗaya ne. Ribar da mutane ke hangowa a musaya, sau da yawa ba komai ba ce illa ladan shiru, wato kuɗin da ake samu in an ɗura baƙin mai mai kauri don ƙara ta lafa, aka wanke inji, aka kama baki.

Wani zai ce, ai ciniki ido ne, kuma mai saye ya zo da makanikensa. Wannan magana tana da ƙarfi a kasuwar shanu ta Ɗanbatta, inda mai saye zai buɗe bakin sa ya duba haƙori, ya kora shi ya ga tafiyarsa. Inji kuwa a rufe yake. Wanda ya shekara yana jin ƙararsa da asuba ya san abin da zagayen minti goma ba zai nuna ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wanda aka miƙa wa rariya da sunan ƙwarya an zalunce shi. Shi ya sa fiƙihun Malikiyya ya hana ɓoye aibin haja, ya kuma ba mai saye damar mayar da ita in ya gano tsohon aibin da ba a faɗa masa ba.

Wani kuma zai ce kowa haka yake yi, shi ma haka aka yi masa. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi nazarin wannan a 1970, kuma aikin na cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001. Ya nuna cewa in masu saye ba sa iya bambance mota mai lafiya da mai ciwo, za su riƙa taya kowace da arha don tsoro, masu motocin kirki su ƙi sayarwa, kasuwa ta cika da gyauro. Don haka mai ɓoye aibi yana ɓata kasuwar da shi ma zai yi ciko a cikinta gobe. Motar da zai karɓa, me ya sa mai ita ya rabu da ita?

Bugu da ƙari, a ƙasa irin tamu inda ƙauye ke jingine da ƙauye, mota ba ta ɓacewa. Mai yiwuwa ita ce za ta mutu da dare a hanyar asibiti ɗauke da mai naƙuda, kuma ba mamaki mai naƙudar 'yar dangin wanda ya sayar ce.

Ban ce musaya laifi ba ce. Wanda jikin motarsa ya ruɓe, ko ba shi da halin zaman mako biyu ba aiki, ya musanya, hankali ma ya ba shi haka. Sharaɗin ɗaya ne: ya faɗi abin da makanike ya faɗa masa, ya karɓi farashin da gaskiya ta bayar. In ya ga musayar ba ta da riba sai da shiru, to amsa ta fito, gara ya nufi Ƙofar Ruwa.